Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama a Gida da Koyon Tuƙi na Haƙiƙa: Amfani da Iyaka ga Matasan Yammacin Zamfara

Kwaikwayon tuƙin jirgin sama shi ne mutum ya zauna a ƙasa, gaban kwamfuta ko wayar hannu, ya sarrafa jirgin da manhaja ta zana, ita kuma manhajar tana lissafa yadda jirgi na gaske zai amsa kowane motsi na hannunsa. Ya ja sitiyari, hancin jirgi ya ɗaga, gudu ya ragu. Ya rage totur, jirgi ya soma gangarowa. Iska ta bugo ta gefe, ta ture shi daga kan hanya. Na'urorin da ke wannan aiki hawa-hawa ne. A can sama akwai waɗanda kamfanonin jirage ke horar da matuƙansu a ciki, kowace ɗaya ta miliyoyin daloli. A tsakiya akwai na makarantun koyon tuƙi, waɗanda hukuma ta duba ta amince da su. A ƙasa kuma akwai na gida, wanda duk mai data ke iya saukarwa daga intanet. Na ƙarshen nan ne ya iso yammacin Zamfara ta cikin wayoyin matasa, tun kafin yawancinsu su taɓa tsayawa kusa da jirgi.

Anka da Gummi da Bukkuyum ba su da filin jirgin fasinja. Filayen da suka fi kusa da Gummi su ne na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato da na Birnin Kebbi, sai kuma Gusau, inda gwamnatin jiha ta ƙaddamar da ginin babban fili a 2024. Makarantar koyon tuƙin jiragen farar hula mafi kusa tana Zariya, tafiyar da sai an biyo ta Gusau da Funtuwa. Ga saurayin da ke wannan nisa da jirgi, yana da kyau a san nawa ne daga cikin abin da yake koya a allo zai amfane shi ranar da ya shiga jirgi na gaske, nawa ne kuma malaminsa zai sha wahalar kankarewa.

Asalin na'urar da yadda ta shigo gida

Jirgin sama bai daɗe da zuwa ƙasar Hausa ba aka ƙirƙiro na'urar kwaikwayonsa. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Bayan shekara huɗu, a 1929, wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa wani ɗan akwati mai siffar jirgi a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa da ke garin Binghamton, ya sa masa zugazugin iska da ke karkata shi dama da hagu. Da fari wuraren wasanni ne suka fi sayensa. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojan saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka halaka cikin 'yan watanni saboda ba su saba da tuƙi cikin gajimare da duhu ba, sannan rundunar ta sayi guda shida. Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. A cikin akwatin Link rufe ɗalibi ake yi da murfi, ba ya ganin komai sai agogunan gabansa, malami na ba shi umarni ta rediyo daga wani tebur. Ke nan tun wancan zamani amfanin na'urar a aikin ƙwaƙwalwa yake, wato karanta agogo da bin ƙa'ida, kuma har yau a nan ƙarfinta yake.

Ta shigo gida da zuwan ƙananan kwamfutoci. Microsoft Flight Simulator ya fito a 1982, X-Plane a 1995, FlightGear kuma, wanda kyauta ne, a 1997. Fitowar Microsoft ta 2020 ta zana duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, da filayen jirgi kusan 37,000, tana kuma janyo yanayin da ake ciki a kowane gari kai tsaye. Sai dai tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da saukar da kaya fiye da gigabait 100, da intanet da wuta marasa yankewa. A yankin da aka rufe layukan sadarwa gaba ɗaya a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, inda cajin waya ma sai an kai shago, abin da ya fi samuwa shi ne manhajojin waya irin su Infinite Flight da RFS. Mai wasa na riƙe waya a kwance da hannu biyu, ya karkata ta hagu jirgi ya juya hagu, ya ɗago ta jirgi ya hau, babban yatsansa na tura totur a gefen allo. Galibi kuma ba ƙaramin jirgi yake zaɓa ba. Boeing ko Airbus yake ɗauka, ya taso daga Kano ya nufi Jidda, hanyar da ya saba ji a bakin alhazai.

Abin da doka ta yarda da shi

Ƙa'idojin ba da lasisin tuƙi na fitowa daga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, a Nijeriya kuma hukumar NCAA ce ke zartar da su. A ma'aunin ICAO, lasisin tuƙin jirgi na ƙashin kai na buƙatar awa 40 a sama da shekara 17 da haihuwa. Lasisin tuƙin haya na buƙatar awa 200, ko 150 in a tsararren kwas ne da hukuma ta amince da shi, da shekara 18. Lasisin kyaftin na manyan jiragen fasinja kuwa awa 1,500 ne da shekara 21. Daga awa 40 na lasisin farko, abin da aka yarda a cike da na'ura bai wuce awa 5 ba. Rabon na'ura ya fi yawa a wajen shaidar tuƙi da agogo zalla, inda daga awa 40 ake iya yin 20 a ƙasa, ko 30 in na'urar babba ce. Wannan bambanci na nuna inda masu doka suka ga na'ura na da amfani da inda suka ga ba ta wadatar ba.

Waɗannan awoyi ma sai in na'urar hukuma ta tantance ta, kuma malami mai lasisi na zaune a gefe. Awoyin gida, ko dubu nawa ne, ba a rubuta ko minti ɗaya daga cikinsu a littafin awoyin matuƙi.

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO, a kan wannan tsari take tafiya. Ɗalibi na fara karatun aji: yanayin sama, ilimin hanya, dokokin sararin samaniya, yadda injin da fiffike ke aiki. Daga nan ya shiga ƙaramin jirgi mai injin ɗaya tare da malami, kamar Tampico da aka daɗe ana amfani da shi ko Diamond DA40 da aka kawo daga baya, sannan mai injin biyu. Kwalejin na da na'urorin kwaikwayo har da babba ta Boeing 737. Irin wannan babba cikakken ɗakin matuƙi ne a kan ƙafafu shida masu motsi, kuma a mataki mafi girma doka ta yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinta, tashinsa na farko da jirgin ya zama da fasinja a baya. Akan kafa hujja da wannan a ce ai na'ura ta isa. An manta cewa wanda aka ba wannan dama ya riga ya tara ɗaruruwa ko dubban awoyi a sama, jikinsa ya san jirgi, sabon tsari kawai yake koya.

Inda na'urar gida ke da ƙarfi

Amfaninta na farko shi ne sanin ɗakin matuƙi. Agogunan asali shida ne: na gudu, na karkatar jirgi, na tsayi, na juyawa, na alƙibla, da na saurin hawa ko gangarowa. Ɗalibin da ya zo Zariya ya riga ya san wurin kowanne da abin da yake faɗa, ya san juyi na ƙa'ida digiri 3 ne a daƙiƙa ta yadda cikakken zagaye ke cin minti biyu, ya san gangarowa zuwa titi kan bi kusurwar digiri 3, ya rage wa kansa aiki. Ɗakin ƙaramin jirgi wuri ne mai ƙara da zafi da girgiza, kowane minti kuma kuɗi ne, don haka ba nan ya kamata a fara tambayar wane agogo ne wannan ba.

Na biyu shi ne ilimin hanya, kuma a nan ƙasar yankin kanta ta isa aji. Daga Gummi zuwa filin Sakkwato kusan kilomita 90 ne a miƙe, alƙibla kusan arewa sak. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 200 a awa zai ci su cikin abin da bai kai rabin awa ba. Amma da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, tana rage gudu tana kuma tura jirgi yamma, sai matuƙi ya ɗan karkata hanci dama don ya tsaya a kan layi. Kuskuren digiri ɗaya na kauce da jirgi kilomita ɗaya a duk tafiyar kilomita 60. Mai na'ura zai iya zana wannan hanya a takarda, ya lissafa lokaci da mai, ya tashi ya gwada, ya nemi alamomin ƙasa irin su Gulbin Zamfara da ke wucewa ta Gummi zuwa Jega, ko madatsar Bakolori in ya yi gabas, ya ga ko lissafinsa ya fita. In bai fita ba ya sake, ba tare da ya ƙona lita ɗaya ba. Wannan darasin lissafi ne da kimiyyar fiziks da labarin ƙasa a haɗe, kuma da wuya a samu wata hanya mai arha da ke sa yaro son waɗannan darussa haka.

Na uku shi ne rediyo. Tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan ƙasa da ƙasa da masu ba jirage umarni kaiwa mataki na huɗu a Ingilishin jirgi. Harshe ne mai tsayayyun kalmomi, ana kiran haruffa da sunaye irin su Alfa da Bravo, kuma duk umarnin da hasumiya ta bayar sai matuƙi ya maimaita shi. Mummunan hatsarin tsibirin Tenerife na 1977, inda jirage biyu suka yi karo a kan titi mutum 583 suka mutu, rashin fahimtar juna a rediyo na cikin musabbabansa. Akwai dandali a intanet irin su VATSIM da IVAO inda mutane na gaske ke zama a matsayin masu hasumiya suna ba masu na'ura umarni da ainihin kalmomin aiki. Ga yaron da Ingilishinsa na aji ne, bai saba jin sa da sauri cikin ƙarar rediyo ba, wannan horo ne na ƙwarai.

Masana horo na da ma'aunin da suke auna irin wannan riba, wanda Stanley Roscoe na Jami'ar Illinois ya yi fice da shi: a raba awoyin jirgi da aka tsimi da awoyin da aka yi a na'ura. In awa 10 a na'ura ta rage awa 4 a jirgi, ma'aunin 0.4 ke nan. An lura cewa awoyin farko sun fi riba, daga nan ribar ta yi ta raguwa, kuma ta fi yawa a ayyukan bin ƙa'ida fiye da ayyukan hannu. Galibin gwaje-gwajen da suka nuna riba kuma da malami aka yi su da tsararren darasi, abin da mai wasa shi kaɗai a ɗaki ba shi da shi.

Abin da jiki kaɗai ke koya

A ɗauki daƙiƙoƙi goma na ƙarshe kafin taya ta taɓa kwalta. Ɗalibi na gangarowa da ƙaramin jirgi a gudun da ya ɗan haura kilomita 110 a awa, titi na ƙara faɗi a gabansa. Da ya rage 'yan ƙafafu sai ya janye totur duka, ya ɗauke ido daga kusa ya kai shi can ƙarshen titi, ya soma jan sitiyari a hankali. Tazararsa da ƙasa da gefen ido yake auna ta, yadda ciyawar bakin titi ke tasowa dama da hagu. Gudu na raguwa sitiyari na ƙara sanyi a hannu, yana neman a ƙara ja. Mazauninsa a kan kujera na gaya masa jirgi ya fara nutsewa tun ido bai gani ba. In akwai iskar gefe, hannu na sunkuyar da fiffike ɗaya wajen iskar, ƙafar ɗaya ɓangaren na taka feda don hanci ya miƙe da titi. Duk wannan na faruwa lokaci guda, ba a tsayawa tunani. A allon waya babu gefen ido, babu nauyin sitiyari, babu nutsewar kujera, fedar ma yawanci manhaja ce ke taka ta. Mai wasa na iya yin sauka dubu masu kyau a allo ba tare da ya taɓa amfani da ko ɗaya daga cikin gaɓoɓin da sauka ta gaske ke dogara a kansu ba. Wanda ya kalli ɗan kabu-kabu shekara guda ya haddace giya da birki, ranar da ya hau babur a kan yashi sai ya faɗi tukuna, domin daidaito a jiki yake zama.

Ko mai kwamfuta da sandar tuƙi bai tsira ba. Sandar gida sifirin ne a cikinta, nauyinta ɗaya ko jirgi na gudu ko yana rarrafe. A jirgi na gaske nauyin sitiyari na canzawa da gudu, kuma akwai ɗan dabaran da matuƙi ke murzawa har nauyin ya gushe, jirgi ya tafi daidai ko an sake shi. Wanda bai taɓa jin nauyin ba bai san abin da yake neman kawarwa ba. Haka nan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya na fizgar hagu lokacin tashi, sai da ƙafar dama ake riƙe shi. Juyin da aka kwantar da fiffike digiri 60 kuma na ninka nauyin jikin matuƙi sau biyu, yana ɗaga gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi da kusan kashi 41 cikin ɗari. A allo lambobi ne kawai. A sama kuwa kumatu ne ke zazzagowa, hannu ya yi nauyi, wani ciki ya juya.

Akwai kuma ɗabi'ar da malaman tuƙi suka fi kuka da ita game da waɗanda suka taso da na'ura: kafe ido a kan agogo. Da yake allo ƙarami ne kuma ba ya ba da wani ji, mai wasa na sabawa da neman komai a agogo. Matakin farko na tuƙi kuwa da ido ake yin sa, ana daidaita hancin jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa, ana leƙen wasu jirage da tsuntsaye, agogo sai a ɗan saci kallonsa. Shaho da ungulu ba sa fitowa a agogo. Abin da aka fara koya shi ya fi kama jiki, don haka malami kan ɓata awoyi masu tsada yana rufe agogunan da takarda kafin ɗalibi ya yarda ya ɗaga kai.

Hazo da zafi da hadari

Yanayin arewa na fito da wannan bambanci fili. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a sararin ƙasar Hausa. Tuƙi da ido a ƙasan ƙafa 10,000 na buƙatar a iya hangen kilomita 5, amma a ranar hazo mai kauri hange kan gaza kilomita ɗaya, har a soke tashin jirage a Kano da Sakkwato. Abin da ya fi ƙarancin hange haɗari shi ne ɓacewar layin da ya raba sama da ƙasa, komai ya koma fari-fari launi ɗaya. A nan ne kunnen ciki ke yaudarar mutum. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana juyawa, ba ya jin juyi mai sanyi sosai, kuma in juyi ya daɗe a kan gudu ɗaya sai ya lafa. Matuƙi na cikin juyi yana jin a miƙe yake, in ya miƙe kuma ya ji kamar ya karkata ɗaya gefen. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954 da matuƙa 20 marasa horon tuƙi da agogo ya nuna cewa, da aka toshe musu ganin waje, a matsakaici cikin daƙiƙa 178 jirgi ke ƙwace musu.

Na'urar gida na iya zana hazo, tana kuma koyar da zagaya ido a kan agogo, wanda rabin maganin ke nan. Ɗaya rabin shi ne mutum ya ƙaryata jikinsa yana tsakiyar rantse masa cewa agogo ne ke ƙarya. Wanda ke zaune a kan tabarma kunnensa bai taɓa yi masa gardama ba, don haka yana iya ɗaukar kansa gwani a fagen da bai taɓa shiga ba. Hatsarin da ya faru a Kano ranar 22 ga Janairu 1973, inda Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya tarwatse wajen sauka cikin hazo da iska mutum 176 suka rasu, na nuna cewa ko ga gogaggu wannan yanayi ba abin wasa ba ne.

Zafin bazara na da nasa lissafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, injin ba ya samun ƙarfinsa, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai. Ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita ita ce kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin da aka tsayar na ƙara kusan ƙafa 120 a kan tsayin da jirgi ke ji. Filin Sakkwato na kusan ƙafa 1,000 sama da teku, amma a ranar Afrilu mai zafin digiri 42 jirgi na tashi kamar daga kan dutse mai ƙafa 4,500: ya ci titi mai tsawo, ya hau da ƙyar. Wannan kam manhaja mai kyau na lissafa shi daidai, kuma darasi ne da ya dace a gwada a gida.

Damina kuma na zuwa da hadarin gabas mai tafe da guguwa a gaba, inda iska ke iya juya alƙibla da ƙarfinta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ambaci abu biyu: shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga juyin iska yadda ya kamata. Na biyun aikin na'ura ne, kuma saboda irinsa ne ake mayar da matuƙan kamfanoni cikin babbar na'ura a kai a kai, a kashe musu injin, a jefa su cikin guguwar da ba za a iya gwadawa da jirgi na gaske ba. Na farkon kuwa hukunci ne, wato iya cewa yau ba za a tashi ba alhali fasinja na jira. A gida babu abin da ke koyar da wannan, domin wanda ya faɗi maɓalli kawai zai danna ya dawo kan titi. Ƙari ma, sabo da faɗuwa marar sakamako na iya haifar da ganganci. Ɗalibin Zariya na zagaya jirginsa kafin tashi, ya zuƙo mai a ɗan kofi ya duba ko da ruwa a ciki, ya leƙa tayoyi, ya karanta rahoton yanayi na hukumar NiMet, domin ya san ransa ne a ciki. Ranar da malami ya sauka ya bar shi ya tashi shi kaɗai, nauyin da ke kansa ba shi da kwatankwaci a allo.

Abin da wannan ke nufi ga yankin

Daga bayanan da suka gabata, hukuncin da ya dace shi ne na'urar gida kayan karatu ce mai kyau, kayan koyon hannu kuma mai rauni. Wanda ke son cin moriyarta ya bar Boeing ya ɗauki ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ko DA40, ya bi jerin bincike layi-layi kamar yadda ake yi a jirgi, ya tsara tafiya a takarda kafin ya tashi, ya mai da hankali ga hanya da rediyo, ya kuma sa a ransa cewa sauka da sarrafa feda sai a gaban malami.

Manyan shingayen da ke gaban ɗan Anka ko Bukkuyum ma ba a allo suke ba. Na farko sakamakon sakandare ne, domin shiga kwas ɗin tuƙi na buƙatar kiredit a Ingilishi da lissafi da fiziks, a yankin da rashin tsaro ya sha rufe makarantu, har gwamnatin tarayya ta taɓa haramta shawagin jirage a sararin jihar a watan Maris na 2021. Na biyu gwajin lafiya ne mai daraja ta ɗaya, wanda likitocin da NCAA ta amince da su ke yi: ido, kunne, zuciya, hawan jini. Farfaɗiya na hana lasisi, haka ma rashin bambance ja da kore na iya hanawa, tun da fitilun jirgi da na titi da launi suke magana. Yaro na iya girma bai san yana da wannan matsala ba, saboda haka hikima ita ce a yi gwajin kafin a sayar da gona ko shanu. Na uku kuɗi ne, miliyoyin naira masu yawa, waɗanda ɗan talaka ba ya samu sai da tallafin gwamnati, ko ya bi ta Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna zuwa rundunar sojan sama.

Ba kuma kowane mai sha'awar jirgi ne zai zama matuƙi ba. Kwalejin Zariya na horar da masu ba jirage umarni daga hasumiya, da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu kula da na'urorin sadarwa, da masu tsara tafiyar jirage a ofis. Kamfanonin jirage irin su Max Air da Rano, da kowane sabon fili da aka buɗe, duk suna buƙatar waɗannan ma'aikata, kuma a wasu daga cikin ayyukan abin da aka koya a na'ura ya fi shiga kai tsaye fiye da a tuƙin kansa, tun da aikin ido da kunne da lissafi ne.

Kwamfuta ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, da sandar tuƙi da feda, da faranti biyu na sola, da manhajar FlightGear da ba ta buƙatar kuɗi ko intanet bayan an saukar da ita, sun isa a kafa kusurwar koyo a makarantar sakandaren kimiyya, a ƙarƙashin malamin fiziks ko na labarin ƙasa. Ana kira ga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, da masarautunsu, da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, su duba wannan, su haɗa shi da kai ɗalibai ziyara Zariya da filin Sakkwato da biya wa waɗanda suka yi fice kuɗin gwajin lafiya. Kafin a sayi ko kwamfuta ɗaya, a nemi malaman kwalejin Zariya su tsara darussan da za a bi.